Kifin shak mai cin ciyawa

Masuntanmu na Argungu da Yauri sun san minjirya, kifin da ke jan mutum da lantarki. To, a gaɓar tekun nahiyar Amurka, musamman kudancin ƙasar Amurka, akwai wani kifin da shi ba ya jan kowa, amma yana jin lantarkin da ke fita daga jikin sauran halittu.

Masana na kiransa Sphyrna tiburo. Shak ne, wato kifin teku mai farauta, ɗan dangin masu kan guduma, sai dai ƙarami ne a cikinsu, galibi tsawonsa kamar mita ɗaya. Ba shi da ƙashi, guringuntsi ne ke riƙe da jikinsa. Ku duba kansa da kyau. Shimfiɗaɗɗe ne, gabansa a zagaye, ido ɗaya a kowane gefe. A ƙarƙashin kan akwai ƙananan ramuka cike da wani ruwa mai yauƙi, da su yake jin lantarkin. Yana iyo dab da ƙasa, yana kaɗa kai dama da hagu, ko ƙaguwa ta binne kanta cikin yashi, ramukan nan za su tona mata asiri. Haƙoran gaba su cafke ta, na baya masu faɗi su murƙushe ɓawon.

Ga abin da ya fi burge ni. An daɗe ana samun ciyawar teku a cikinsa, ana zaton kuskure ne, wajen wawurar ƙaguwa yake haɗiye ta. A 2018 masu bincike a Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji: sun ciyar da kifayen nan abincin da kashi 90 cikin 100 ciyawa ce, har mako uku. Ba su rame ba, ƙiba ma suka yi. Ashe hanjinsu na narkar da ciyawar! Shi ne shak na farko da aka tabbatar yana rayuwa da nama da tsiro.

Macen ba ta saka ƙwai, haihuwa take yi bayan kamar wata biyar, 'ya'yan na samun abinci ta cibiya. A 2001 ma wata ta haihu a wani gidan namun daji da ke jihar Nebraska ta Amurka ba tare da namiji ba.

Abin takaici, zamansa a ruwa marar zurfi ya sa tarun masunta na yawan kwashe shi. Yanzu yana cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ciyawar da yake kiwo a cikinta ita ma tana raguwa.