Gobarau Na Tsaye, Sabon Bango Na Tsagewa: Ina Matsalar Take?

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan da kuke gani hasumiyar Gobarau ce, a cikin birnin Katsina. Tsayinta ya kai kimanin mita 15, kuma da ƙasa aka gina ta, ɗaruruwan shekaru kafin a san siminti a ƙasar nan. Ga kuma tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ita ma ginin ƙasa ce.

To ku biyo ni sababbin unguwanni na bayan gari. Wannan gidan bai cika shekara biyar ba, amma dubi tsagar da ta taso daga linta ta gangaro har ƙasa. Ɗakin nan kuwa, in ƙarfe biyu na rana ta yi a watan Afrilu, ba mai iya zama cikinsa. Mutanen gidan a ƙarƙashin bishiyar bedi suke yini, da dare su shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Abin da masana ke kira gini mai ɗorewa ba wani baƙon abu ba ne. Gini ne da ba ya cinye dukiyar ƙasa wajen yin sa, ba ya cinye aljihun mai shi wajen zama cikinsa, kuma yana daɗewa. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa duniya ta damu da batun shi ne siminti. Kafin a samu buhu ɗaya, sai an ƙona dutsen farar ƙasa a tanderun da zafinsa ya kai maki 1,450 a ma'aunin Celsius, kuma masana'antar siminti kaɗai ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar carbon dioxide da ke ɗumama duniya. Mu a nan, damuwar ta fi wannan kusa. Zafin bazara yana haura maki 40. Kwano yana ɗaukar zafin ya zubo shi cikin ɗaki, bulo mai inci shida ba ya tare komai, wutar lantarki kuma ba tabbas. Bangon tubali mai kauri shi kuwa shanye zafin yake da rana, ba ya sako shi sai dare ya yi. Wanda ya taɓa yin ƙailula a tsohon soro ya san abin da nake faɗa.

Ba cewa nake a koma ginin da ake yi wa yaɓe duk shekara ba. Akwai hanya ta tsakiya. A samo jar ƙasa, a tankaɗe, a zuba siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a ɗan jiƙa, sai a matse da inji ya fito bulo mai ƙarfi da kyan gefe. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injinan wannan aiki. An kuma gwada shi a ƙasashe masu zafi irin namu. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta ƙauyensu, Gando, a 2001 da irin wannan bulo, ya ɗaga kwanon sama da rufin ƙasa don iska ta riƙa ratsawa tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gine-gine. A Dandaji kuma, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, an kammala babban masallaci da bulon ƙasa a 2018, aikin Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili.

Tunda abin na yiwuwa, me ke kashe shi a wurinmu? A ganina, ba daga jar ƙasar ba ne. Daga yadda ake tafiyar da aikin ne.

Bari in nuna muku abu ɗaya. Ga kwalba. Na zuba ƙasa zuwa rabi, na cika da ruwa, na girgiza, na ajiye ta kwana. Dubi yadda ta rabu: yashi ya kwanta a ƙasa, laka mai laushi a tsakiya, yumɓu a sama. In yumɓu ya yi yawa, bulo zai tsattsage yayin bushewa. In yashi ya rinjaya, zai ruguje a hannu. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, amma sau nawa ake yin sa? Tifa ce ke juye abin da ta ɗebo, lebura ya kama kwaɓi.

Sai batun ruwa, wanda shi ya fi ci mini rai. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, danshi ne. Bulon da aka buga yana son a lulluɓe shi, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28. Amma a wurin da ruwan kansa sai an saya a hannun 'yan garuwa, kuma mai gida na tsaye yana cewa "Malam, ni dai a kai linta kafin Sallah," wa zai jira? Na ga wannan a gidan wani ɗan'uwana a Daura. An buga bulon ƙasa mai kyau, aka ɗora shi bayan kwana huɗu, a cikin iskar hunturu da ke busar da komai nan take. Da damina ta biyu ta zo, ƙasan bangon ya fara zubewa kamar garin kwaki. Abin da unguwa ta ɗauka shi ne ginin ƙasa ba shi da inganci. Ba wanda ya yi maganar kwana huɗun nan, ko tushen da bai taso sama da ƙasa yadda ya kamata ba.

Kuɗi ma na da nasa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Simintin nan kuma tirela ce ke kawo mana shi daga nesa, irin su Sakkwato da Obajana ta jihar Kogi, don haka kuɗin man dizal na cikin farashinsa. Ɗan kwangilar da ya karɓi aiki a tsohon farashi, ko dai ya ajiye aikin, ko ya rage wani abu. Abin da yake ragewa kuwa shi ne wanda ido ba ya gani ranar buɗe gini: zurfin tushe, ledar da ke hana danshi hawa bango, yawan siminti a kwaɓi, tsawon bakin kwanon da ke kare bango daga feshin ruwa. Fenti da tayil ba a taɓa su. Ga shi kuwa duk ɗorewar ginin a waɗancan abubuwan take. Babban maƙiyin bangon ƙasa shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa, kuma mutanen Jibiya da suka ga ambaliyar watan Yulin 2018 sun san abin da ruwa ke yi wa gidan da ya samu a kan hanyarsa, na ƙasa ne ko na siminti.

Akwai kuma ƙarancin gwanaye. A da, magini gadon sana'ar yake, ƙarƙashin Sarkin Magina. Ya san ƙasar da ta dace da tubali, ya san yadda ake haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa don yaɓe ya ƙi shan ruwa, ya san laso da ake yi da katsin marina, ya iya jera azara ya ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasar da ke riƙe rufin soro. Irin wannan ilimi ne ya sa masallacin Yaama a Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 1986. Yau marina ta ja baya, giginyar da ake fasa azara ta yi wuya, 'ya'yan magina sun koma birkiloli. Injiniyan da ya fito daga makaranta ya fi sanin kankare da rodi. Dattijon da ya san ƙasa da matashin da ya san lissafi ba kasafai suke haɗuwa a aiki ɗaya ba, kuma wannan asara ce babba.

Kada mu manta da idon mutane. Mai neman haya, mai saye, har dangin amarya, tambayarsu ɗaya: na ƙasa ne ko na siminti? Muddin ana ganin ƙasa alamar rashi ce, mai kuɗin da zai iya yin ta da kyau ba zai yi ba, sai wanda ba shi da halin yin tushe mai kyau. Dokoki kam akwai su a rubuce. An fitar da kundin ƙa'idojin gini na Najeriya a 2006, da na tsimin makamashi a gine-gine a 2017, amma yawancin gidajenmu ana gina su ne ba tare da wani ƙwararre ya leƙa ba.

Abu na ƙarshe, yadda muke auna nasarar aiki. Mukan tambaya ko an gama kan lokaci, kuma nawa aka kashe. Tambayoyi ne masu kyau, amma ba su isa ba. In kana da gini a hannu yanzu, ɗauki bulo guda ka kankare shi da makulli, in yana zubar da gari ka mayar da lodin. Tsaya da kanka ka ga ana ba shi ruwa. Ka sa tagogi su fuskanci arewa da kudu, su kalli juna don iska ta wuce, ka rage na gabas da yamma. In an tare, ka rataya ma'aunin zafi a ɗaki cikin watan Afrilu ka rubuta abin da ya nuna da azahar, sannan bayan ruwan Agusta ka zagaya gindin bango ka shafa da hannu ka ji ko danshi ya hau.