Bauhaus da 'Yan Kasuwa: Yadda Zanen Ɗalibai Ya Shiga Ɗakunan Jama'a

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai da sauran mahalarta, barkanmu da wannan lokaci. Batun da aka ba ni shi ne haɗin gwiwa tsakanin makarantar koyon zane da kamfani mai ƙera kayan ƙawata gida, kuma zan ɗauko shi ne daga makarantar Bauhaus ta ƙasar Jamus, wadda Walter Gropius ya kafa a garin Weimar a shekarar 1919, ta koma Dessau a 1925, sannan aka rufe ta a Berlin a 1933.

Tun daga 1923 burin makarantar shi ne ɗalibi ya zana abin da inji zai iya fitarwa da yawa, domin ya isa hannun mai ƙaramin ƙarfi. Sai dai an daɗe ba a kai ga haka ba. Ku dubi fitilar tebur ɗin nan ta gilashi da ƙarfe wadda ɗaliban makarantar Wilhelm Wagenfeld da Carl Jakob Jucker suka yi wajen 1924. Duk wanda ya gan ta zai rantse daga masana'anta ta fito, alhali da hannu aka haɗa ta ɗaya bayan ɗaya, saboda haka ta yi tsadar da ma'aikaci ba zai ko taya ba. An kai ta baje-kolin Leipzig, 'yan kasuwa suka kalla suka wuce.

Al'amura sun sauya a 1928, lokacin da Hannes Meyer ya karɓi ragamar makarantar da aƙidar cewa a biya buƙatar talakawa tukuna kafin a waiwayi kayan alatu. A wannan shekara sashen aikin ƙarfe ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Körting & Mathiesen na Leipzig, mai yin fitilun Kandem. Marianne Brandt da Hin Bredendieck na wannan sashe suka zana fitilar karatu da ta gefen gado, kuma wannan karon sai da suka san ƙarfin injinan kamfanin da kuɗin da kowane ɓangare zai ci kafin su tsayar da fasali. Fitilun suka shiga kasuwa, aka sayar da dubun dubata.

Amma inda na fi so mu tsaya shi ne takardar manna wa bango. Abin mamaki, yawancin masu zanen gine-gine masu bin sabon salo irin na Bauhaus ba su ƙaunarta, don a ganinsu kayan tsofaffi ne mai cike da manyan furanni, su kuwa fenti suka fi so. Emil Rasch, na kamfanin Gebrüder Rasch da ke Bramsche, shi ya tunkari makarantar, kuma 'yar'uwarsa Maria ta taɓa karatu a can. Aka sa gasa tsakanin ɗalibai, aka zaɓi zane-zanen da suka fi dacewa, aka fara bugawa a 1929. Abin da ɗaliban suka kawo ba shi da fure ko tsuntsu: siraran layuka ne da ɗige-ɗige da saƙa-saƙa, cikin launi mai sanyi, wanda daga nesa sai mutum ya ɗauka fenti ne. Mai neman a yaba gwanintarsa ba zai yi irin wannan zane ba, amma ku lura da amfaninsa. Mai mannawa ba ya buƙatar daidaita fure da fure a mahaɗar takarda, don haka ba a asarar takarda. Ƙaramin ɗaki ba ya ƙara matsewa a ido. Tsagewar shafe kuma tana ɓoyuwa. A daidai lokacin biranen Jamus suna gina rukunin gidaje masu ƙananan ɗakuna domin ma'aikata, sai kayan suka tarar da masu saye suna jira. A cikin duk abin da Bauhaus ta fitar, babu wanda ya kawo mata kuɗi kamar wannan takarda.

Yanzu sai maganar da ɗalibai suka fi sakaci da ita, wato zanen na wane ne, ribar kuma ta wa. Marcel Breuer, wanda ya yi karatu a makarantar kafin ya zama malami a cikinta, ya ƙirƙiro kujerar bututun ƙarfe a 1925, sai ya haɗa kai da wani suka kafa kamfanin Standard Möbel domin sayar da ita, makarantar kuwa tana ganin tana da haƙƙi a ciki, abin ya jawo tsamin dangantaka tsakaninsa da Gropius. A zamanin Meyer an tsara cewa kuɗin da kamfani ke biya a kan zane za a raba shi, makaranta ta samu, ɗaliban da suka yi aikin su ma su samu, wanda hakan ya taimaki marasa hali daga cikinsu. A ra'ayina, duk haɗin gwiwar da ba a rubuta wannan kaso a takarda tun kafin ɗalibi ya ɗauki fensir ba, aikin gayya ne aka yi wa kamfani, har gara gayyar noma, don ita ko ba komai ana ciyar da mutum.

Shi Meyer an sallame shi a 1930 bisa zargin kusanci da 'yan kwaminis, Mies van der Rohe ya gaje shi. Da majalisar Dessau, wadda 'yan Nazi suka mamaye, ta rufe makarantar a 1932, Mies ya mayar da ita Berlin a matsayin makaranta mai zaman kanta, kuma kuɗin da Rasch ke biya na daga cikin abin da ya riƙe ta a waɗannan watanni. A 1933, shekarar da aka yi rufewar ƙarshe, haƙƙin amfani da sunan Bauhaus a kan takardar bango ya koma hannun Rasch, kuma har yau kamfanin yana sayar da ita da wannan suna.