Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Sauke Firaminista a Birtaniya?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, barkanmu kuma da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonnin wannan mako duk sun karkata gefe guda, wato siyasar Birtaniya, don haka na ware uku daga ciki waɗanda suka tattara abin da sauran ke nema.

Na farko daga wani malamin sakandare ne a Gusau. Ya ce: "Don Allah ku warware mini wannan. Boris Johnson ya ci zaɓe da gagarumin rinjaye a 2019, amma wa'adinsa bai cika ba na ji ya sauka. Ba a yi zaɓe ba, ba a tsige shi ba, soja bai yi juyin mulki ba. To wa ya cire shi?"

Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci. Mutanensa ne suka cire shi, 'yan majalisar jam'iyyarsa ta Conservative. Abin da ke rikita mu shi ne mun saba da tsarin shugaban ƙasa, inda hoton ɗan takara ke manne a kowane bango kuma da sunansa ake kaɗa ƙuri'a. A Birtaniya mai zaɓe ɗan majalisar mazaɓarsa kawai yake zaɓa, kuma mazaɓun 650 ne. Shi kansa Johnson a 2019 sunansa bai fito a takardar ƙuri'a ba sai a mazaɓa ɗaya, Uxbridge da ke yammacin Landan. Jam'iyyar da ta samu rinjaye, shugabanta Sarki ko Sarauniya ke kira ya kafa gwamnati. Ke nan ranar da 'yan majalisar suka ce ba kai ne shugabanmu ba, kujerar firaminista ma ta tafi, ko da saura shekara biyu a yi zaɓe.

A Disambar 2019 Conservative ta samu kujeru 365, rinjayen kujeru 80, abin da ba ta gani ba tun zamanin Margaret Thatcher. Ta ƙwace garuruwan arewacin Ingila da suka shekara da shekaru suna bin jam'iyyar Labour. Sabbin 'yan majalisar da suka shigo daga can sun san albarkacin wa suka ci, don haka duk halin da aka san Johnson da shi, sai aka kau da kai.

Sai ga batun liyafa a lokacin kullen korona. Gwamnati ta hana jama'a taruwa, wasu ba su samu damar raka gawar iyayensu ba, amma aka gano ana ta shagali a gidan gwamnati na Downing Street. Wanda ya fi yi wa mutane zafi shi ne na daren 16 ga Afrilun 2021, jajibirin jana'izar Yarima Philip, mijin Sarauniya. Washegari duniya ta ga Sarauniya Elizabeth zaune ita kaɗai a coci, sanye da takunkumi, tana bin doka. Johnson ba ya wajen wannan liyafar, amma ofishinsa ne, kuma sai da aka nemi afuwar fada. Daga baya 'yan sanda suka ci tara har 126, shi da kansa aka ci shi fam 50 saboda bikin zagayowar ranar haihuwarsa, ya zama firaminista na farko da aka hukunta kan karya doka yana kan mulki. Fam 50 ba komai ba ne a aljihunsa. Matsalar ita ce ya tsaya a majalisa ya ce an bi ƙa'ida.

To ga yadda ake shirya juyin a jam'iyyar. Akwai wani kwamiti na 'yan majalisar da ba sa riƙe da muƙamin gwamnati, ana ce masa Kwamitin 1922. Duk wanda ya gaji da shugaba sai ya rubuta wasiƙa ya miƙa wa shugaban kwamitin, wanda a lokacin Graham Brady ne. Ba ya faɗin wanda ya rubuta, ba ya faɗin nawa suka taru, shi kaɗai ya san lissafin. Mutum zai iya gaishe ka da safe da fara'a alhali wasiƙarsa na ajiye tun makon jiya. Ƙa'idar wancan lokaci ita ce in wasiƙu suka kai kashi 15 cikin 100 na 'yan majalisar jam'iyyar, dole a kaɗa ƙuri'a a asirce. A Yunin 2022 su 359 ne, ke nan wasiƙa 54 ake buƙata. A ƙarshen makon bikin cikar Sarauniya shekara 70 kan gadon sarauta, wanda a cikinsa aka yi wa Johnson ihu yana hawa matakalar majami'ar St Paul, adadin ya cika. Ranar Litinin 6 ga Yuni aka yi ƙuri'a: 211 suka ce ya zauna, 148 suka ce ya tafi.

Wannan ya kawo mu ga saƙo na biyu, daga wata baiwar Allah a Maraɗi. Ta ce: "Ni abin da na ji shi ne ya ci wannan ƙuri'ar. In ya ci, me ya kore shi bayan wata guda? Mu nan lokacin da aka sauke Hama Amadu, ai kayar da shi aka yi a majalisa."

Hajiya, kin riƙe tarihi. A ƙarshen watan Mayun 2007 majalisar dokokin Nijar ta kaɗa wa gwamnatin firaminista Hama Amadu ƙuri'ar yanke ƙauna, gwamnatin ta faɗi. Wannan ƙuri'ar majalisa ce gaba ɗaya, har da 'yan adawa. Birtaniya ma tana da irinta, amma rabon da ta kayar da gwamnati tun 1979, lokacin da James Callaghan ya faɗi da ratar ƙuri'a ɗaya tak. 'Yan jam'iyya mai mulki ba sa son bin wannan hanya, don tana iya jawo sabon zaɓe, su ma su rasa kujerunsu. Sun fi so su yi abinsu a cikin gida, su sauya shugaba, su ci gaba da mulki.

Ita kuwa ƙuri'ar cikin gida, ba lissafinta iri ɗaya ba ne da na zaɓe. Ki duba 211 ɗin nan. A cikinsu akwai ministoci da ƙananan ministoci da mataimakansu, mutanen da ke cin abinci a gwamnatinsa, waɗanda ake sa ran dole su mara masa baya. In kika cire su, za ki ga mafi yawan waɗanda ba su da abin rasawa sun juya masa baya. Kashi 41 cikin 100 na mutanenka sun ce ba sa yinka, kuma gobe su za ka roƙa su amince da kasafin kuɗi. Yaya za ka tsawatar wa wanda ya san akwai mutum 147 a bayansa?

Kuma ba a kansa aka fara ba. A Nuwamban 1990 Thatcher ta samu ƙuri'a 204, Michael Heseltine ya samu 152. Ta fi shi, amma ƙuri'a huɗu suka hana ta cika sharaɗin cin zagayen farko. Ta ce za ta ci gaba da fafatawa, sai ta kira ministocinta ɗaya bayan ɗaya, akasarinsu suka ce mata ba za ta kai labari ba. Kwana biyu da ƙuri'ar ta sanar da sauka, bayan shekara 11 tana mulki. Theresa May, wadda Johnson ya gada, ta ci tata a Disambar 2018 da 200 da 117, shi ma sai da ta yi alkawarin ba za ta jagoranci jam'iyyar zuwa zaɓe na gaba ba. Bayan wata guda majalisa ta yi watsi da yarjejeniyarta ta ficewa daga Tarayyar Turai da ratar ƙuri'a 230, ta sake kawowa sau biyu ana mayar mata, a watan Mayun 2019 ta haƙura.

Johnson ya fi su taurin kai, kuma a ƙa'ida yana da kariyar shekara guda kafin a sake yi masa ƙuri'a. Amma ranar 23 ga Yuni aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓu biyu, jam'iyyar ta rasa duka. Wakefield ta koma Labour. Tiverton da Honiton, inda suka ci da ratar sama da ƙuri'a 24,000 a 2019, ta koma Liberal Democrats. A ganina nan ne magana ta ƙare, ko da yake ba a nan aka sanar ba. Ɗan majalisar da ratarsa dubu biyar ce ya kalli wannan sakamako, ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta. An jure wa Johnson ne muddin yana kawo ƙuri'a.

Abin da ya rage shi ne dalili, sai Chris Pincher ya kawo shi. Mataimakin bulaliyar jam'iyyar ne, wato mai tsawatar wa 'yan majalisarta, ya ajiye muƙami a ƙarshen Yuni bisa zargin ya ci zarafin wasu maza biyu bayan ya yi tatul a wani kulob. Aka tambaya ko Johnson ya san da irin wannan ƙorafi a kansa kafin ya naɗa shi. Aka tura ministoci gidajen rediyo da talabijin suna cewa bai sani ba. Ranar 5 ga Yuli wani tsohon babban sakataren ma'aikatar harkokin waje, Simon McDonald, ya fito da wasiƙa ya ce an faɗa masa baki da baki. Da yammacin ranar ministan lafiya Sajid Javid da ministan kuɗi Rishi Sunak suka ajiye aiki, tsakaninsu 'yan mintoci. Cikin kwana biyu sama da mutum 50 suka bi su. Abin har ya koma ban dariya: Nadhim Zahawi, wanda aka naɗa ministan kuɗi daren Talata, da safiyar Alhamis ya fito fili ya ce wa maigidansa ya tafi. Matar da aka ba ma'aikatar ilimi ba ta cika kwana biyu a ofis ba. Ya kai ga babu isassun mutanen da za su karɓi muƙami, kuma ana shirin sauya ƙa'idar kariyar nan ta shekara guda. Ranar 7 ga Yuli ya fito ƙofar gida mai lamba 10 na Downing Street ya ce zai sauka, yana kamanta 'yan majalisarsa da garke, wai in ya motsa ya motsa ke nan. Bai ce laifinsa ba ne.

Saƙo na uku daga wani ɗalibin shari'a ne a Zariya, kuma tambaya biyu ya cusa a ciki. Ya ce: "Shin an taɓa yin irin wannan a Najeriya lokacin da muke da firaminista? Kuma ba ku ganin tsarin nasu ya fi namu, tunda ana iya sauke shugaba ba tare da tashin hankali ba?"

Ɗan'uwa, an yi, kuma ina kyautata zaton shari'ar tana cikin littattafanku. Ba a kan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ba, a Jihar Yamma ne a 1962. Firimiya Samuel Ladoke Akintola ya saɓa da jagoran jam'iyyarsa ta Action Group, Obafemi Awolowo. Jam'iyya ta ce ya sauka, ya ƙi. Sai akasarin 'yan majalisar jihar suka sa hannu a takarda cewa ba sa tare da shi, gwamna, wato Ooni na Ife Adesoji Aderemi, ya dogara da ita ya sauke shi ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce takarda ba ƙuri'a ba ce. Da majalisa ta zauna a Ibadan sai aka kaure da dambe da jifa da kujeru, 'yan sanda suka watsa hayaƙi mai sa hawaye, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Kotun ƙolin Najeriya ta ba Akintola gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta Privy Council da ke Landan ta ba Adegbenro a 1963, sai aka gyara tsarin mulkin jihar aka mayar da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza. Rikicin nan yana cikin abubuwan da suka share wa juyin mulkin Janairun 1966 hanya. Ka ga tsari ɗaya ne, har wasiƙar ma iri ɗaya ce. Bambancin shi ne a Landan wanda aka ce ya tafi yana tafiya, ko da yana gunaguni.

Batun wanne ya fi kuwa, ni ba zan yi saurin yabon nasu ba. Gaskiya ne a Najeriya tsige shugaban ƙasa na buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, da kwamitin bincike da alƙalin alƙalai zai naɗa, shi ya sa ba a taɓa yi ba. Shugaba na iya rasa goyon bayan jam'iyyarsa kakaf ya ci gaba da zama har wa'adi ya cika. Amma dubi abin da ya biyo bayan Johnson. 'Yan jam'iyya masu kati ne suka zaɓi magajinsa, Liz Truss ta samu ƙuri'a 81,326, Sunak ya samu 60,399, a ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 67. Truss ta hau ranar 6 ga Satumba, ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng ya sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba, darajar fam ta faɗi, kuɗin ruwa kan bashin sayen gida ya tashi. Ta kore shi, bai cece ta ba. Ranar 20 ga Oktoba ta sanar da murabus, kuma zuwa ranar da ta miƙa mulki kwananta 49 a ofis, mafi ƙaranci a tarihin ƙasar. Sunak ya hau ba tare da ko 'yan jam'iyyar sun kaɗa ƙuri'a ba. Firaminista uku a cikin wata biyu, talaka yana kallo a talabijin.

Da damar ta zo hannun talakan a zaɓen ranar 4 ga Yulin 2024, Conservative ta tashi da kujeru 121 daga 365, sakamako mafi muni a tarihinta, ita kanta Truss ta rasa mazaɓarta.

Ga mai sauraronmu na Kumasi da ya yi tambaya kan yadda jam'iyyar Labour ke sauya nata shugaban, ƙa'idarsu daban ce kuma tana buƙatar lokacinta, ka tara mu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.