Sunan wa zai hau takardar?

Auwal: Jama'a, barkanmu da warhaka. Saƙonninku sun cika mana waya a kan maganar nan, wai malamin jami'a a fannin injiniyan muhalli zai iya gina aikinsa a kan ilimin gargajiya?

Dokta Rabi: Ƙwarai kuwa! Ku ɗauki 'ya'yan zogale. Matan karkarar Sudan sun daɗe suna daka su suna zubawa a ruwan Nilu mai laka, sai ya kwanta. Wata mai bincike, Samia Jahn, ta bi su ta rubuta abin da ta gani. Daga baya aka gane akwai furotin a ƙwayar da ke sa lakar ta dunƙule ta nutse, irin aikin alam.

Nafisa: Amma Dokta, ai ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka.

Dokta Rabi: Yauwa, nan injiniya ke da aiki. Giram nawa a lita, minti nawa za a juya, me ya sa ruwan ke sauya wari in ya daɗe a ajiye.

Auwal: Tsaya, da ɓawon ake dakawa?

Nafisa: A'a, sai an ɓare.

Auwal: Har da fuka-fukan nan?

Nafisa: Malam Auwal, farar ƙwayar ciki kawai!

Auwal: To in ɗanye ne fa?

Dokta Rabi: Busasshe, Malam, busasshe. Ku bar ni in ƙarasa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarin girma. Kwamiti takardu yake ƙirgawa. Watannin da ka yi zaune gaban dattawa kafin su yarda su nuna maka, ba gurbinsu a fom. Yacouba Sawadogo, wani manomin Burkina Faso, ya faɗaɗa ramukan shuka na gargajiya da ake kira "zai", ya zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa ruwa ya shige. Masu digiri suka yi ta zuwa koyo. Sai 2018 ya samu lambar yabo ta duniya ta Right Livelihood. Manoma nawa irinsa aka kira "wani manomi" a takarda?

Nafisa: Ba yarjejeniyar Nagoya ta 2010, a kan albarkatun halittu da ilimin gargajiya, ta ce a nemi izini a raba amfani ba?

Dokta Rabi: Ta ce, amma sa suna a takarda yana hannun mai binciken. Ni ɗalibaina...

Auwal: Dokta, lokaci ya ci mu. Shawarwarin da muka shirya wa ɗalibai sai mako mai zuwa.