Lacca: yadda tafkin Chilika ya juye, da yadda aka dawo da shi

To jama'a barkanmu da yamma. Yau zan ɗauke ku zuwa ƙasar Indiya ne, jihar Odisha, akwai wani babban tafki a bakin tekun Bengal ana ce masa Chilika. Ruwansa zartsi ne, wato ruwan koguna irin su Daya da Bhargavi na gangarowa ya haɗu da ruwan gishiri da ke shigowa ta wani ɗan baki daga teku, kuma kifi da jatan lande da kaguwa duk a kan wannan gaurayen suke rayuwa, masunta wajen dubu 200 da shi suke ci.

To me ya faru? An sare itatuwa a can sama inda kogunan ke gangarowa, damina ta riƙa kwaso laka tana jibgewa, bakin ya toshe a hankali, ruwan teku ya daina shigowa sosai, gishiri ya ragu. Shekaru ana gani kamar ba komai. Wannan fa shi ne abin tsoron, don tafki yana iya jurewa yana jurewa, sai ya kai wata gaɓa kawai ya juye gaba ɗaya, ciyawar ruwan daɗi ta mamaye, kifin da ke shigowa daga teku ya rasa hanya, kamun masunta ya faɗi warwas. Mutanen Hadejia da Nguru da ke nan kun san yadda kachala ta cinye fadamu bayan an gina dam ɗin Tiga, to kusan haka ne.

A 1993 aka sa Chilika cikin jerin Montreux na dausayin da ke cikin haɗari. Abin da ya burge ni da hukumar raya tafkin, ba su tsaya yankan ciyawa ba, don ko ka yanke gobe za ta dawo tunda ruwan da take so yana nan. A watan Satumba 2000 suka haƙa sabon baki zuwa teku. Gishiri ya dawo, ciyawar ta ja baya, kifi ya ƙaru, a 2002 aka cire shi daga jerin.

Amma fa aiki bai ƙare ba, har yanzu sai an riƙa yashe hanyar ruwan ana auna gishirin, ga kuma rigimar masu killace ruwa ba bisa ƙa'ida ba suna kiwon jatan lande, suna tauye ƙananan masunta. To mai tambaya ya ɗaga hannu.