Sauya Fanbel a Gida: Ajasta Turawa Ake Yi, Ba Kwancewa Ba

Assalamu alaikum, jama'a masu kallo. A 'yan kwanakin nan tambayoyi sun yi yawa a kan matsala guda ɗaya. Mutum ya sayi sabon fanbel, ya buɗe bonet da niyyar sauyawa da kansa, ya ɗora sifana a kan notin da ke tsakiyar fulin ajasta (fuli shi ne 'yar tayar da bel yake hawa, ajasta kuma ƙarfen da yake riƙe bel a ɗaure) ya kwance, sai ga fuli a hannunsa ko kuma noti ya guntule, ga aiki ya tsaya cak. Wasu kuma sun yanke tsohon bel da wuƙa suka huta, amma sabon ya ƙi shiga, har suka koma wurin mai shago suna cewa gajere aka ba su. A mafi yawan lokuta bel ɗin daidai yake. Abin da ba a fahimta ba shi ne yadda ajasta take aiki, kuma a kanta ne za mu daɗe a wannan bidiyo.

Motar da ke gabanmu Toyota Corolla ce irin ta 2003 zuwa 2008, mai injin 1ZZ-FE, kuma kusan duk abin da za ku gani a nan haka yake a Camry mai injin 2AZ-FE, wadda ta cika titunan Kano da Kaduna. Wannan dogon bel guda ɗaya da kuke gani yana zagaya gefen inji, shi ne yake ɗauko ƙarfi daga fulin kiranshaf da ke ƙasa, wato sandar da inji yake juyawa, ya rarraba wa altaneta, da famfon sitiyari, da kwamfuresar esi, da kuma famfon ruwa. Saboda haka idan ya tsinke a kan hanya, batir zai daina caji, sitiyari zai yi tauri, kuma a wannan injin ruwa zai daina zagayawa, cikin 'yan mintuna zafi ya haura. Kada a ɗauka shi ne taimin bel, wanda yake ɓoye a cikin murfi. Wannan injin ma sarƙa yake da ita a wurin, ba bel ba.

Shiri ba shi da yawa. A kashe mota, a zare makulli, a bar inji ya huce, sannan a cire wayar batir mai alamar ragi, domin fankar lagireto ta lantarki ce, kuma a wasu motoci tana iya tashi ko da inji a kashe yake. Kayan aiki su ne soket ko sifana mai lamba 19 da dogon hannu, da tocila, da tsumma. Wajen sayen bel kuwa, a duba lambar da ke rubuce a bayan tsohon. Idan an ga wani abu kamar 6PK da wasu lambobi huɗu a bayansa, shidan tana nufin yawan layukan da ke cikin bel ɗin, lambobin ƙarshe kuma tsawonsa ne a milimita. Mota iri ɗaya tana iya ɗaukar bel mai tsawo daban gwargwadon ko tana da esi ko famfon sitiyari, don haka sunan mota kaɗai bai isa a faɗa wa mai shago ba.

Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton yadda bel ya bi ta kan kowane fuli, daga sama da kuma daga gefe, in da hali ma a zana shi a takarda. Wasu motoci suna da wannan zanen manne a ƙarƙashin bonet, amma a motocin da suka sha hannu sau da yawa takardar ta daɗe da ɓallewa.

Yanzu ga ajasta. Ku dubi wannan ƙarfen mai kama da damtse, wanda yake da ƙaramin fuli a ƙarshensa. Gindinsa a ɗaure yake da jikin inji ta yadda zai iya lilo, kuma akwai sifirin mai ƙarfi da yake tura shi a kan bel a kowane lokaci, ko inji yana aiki ko yana kashe. Wannan turin shi ne ɗaurin bel gaba ɗaya. Babu wani noti da ake ƙara wa ƙarfi domin bel ya ɗauru, babu kuma wanda ake sassautawa domin ya saki. Misalinta kamar ƙofa ce mai sifirin wadda take rufe kanta: wanda zai wuce tura ta yake yi ya riƙe, ba ya ɗauko sukudireba ya cire ƙyauren.

Ruɗanin yana da asali, kuma ina ganin bai kamata a zargi kowa a kansa ba. Duk wanda ya tashi da Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna ya san cewa a can altaneta ake sassautawa, a ture ta ciki bel ya saki, a ja ta waje a ɗaure. Iyayenmu da manyan bakanikai a kan wannan tsarin suka koyi aiki, kuma har yanzu bai mutu ba, domin Corolla ta 2009 mai injin 2ZR-FE ita ma ta wurin altaneta ake ɗaure bel ɗinta. Saboda haka tambayar farko da mutum zai yi wa kansa ita ce wane tsari ne a motarsa. Idan ya ga wani dogon noti mai zare kusa da altaneta da wani ƙarfe mai tsaga da take zamewa a kansa, to tsohon tsari ne, kuma a nan kwancewa ake yi. Idan kuwa ya ga damtse mai fuli da sifirin kamar wannan, to turawa ake yi. Akwai ma wani nau'i na uku a wasu motoci, bel mai talewa wanda ba shi da ajasta ko kaɗan, shi kuwa da wani ƙarfe na musamman ake ɗora shi, kuma ba shi ne batunmu na yau ba.

To ina ake kama ta? A wannan injin, ku lura da wannan ƙullutu mai kusurwa shida da ke jikin damtsen. Yana kama da kan noti, amma ba noti ba ne, tare aka zuba shi da ƙarfen, kuma an yi shi ne kawai domin sifana ta samu wurin kamawa. A nan ake ɗora lamba 19. Wancan na tsakiyar fulin, wanda ido yake fara kaiwa gare shi, shi ne yake riƙe da fulin, kuma ba ruwanmu da shi. A wasu motocin, musamman na Amurka, rami ne mai kusurwa huɗu wanda ake zura kan hannun soket kai tsaye. A wasu kuma, kamar Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu, notin tsakiyar fulin ne ake kamawa da lamba 14, amma ko a can ba kwance shi ake yi ba, madogara ce kawai ta tura damtsen. Wannan ne ya sa mutum yake iya kallon bidiyon wata mota ya zo ya kwaikwaya a tasa, ya yi ɓarna ba tare da ya san inda ya kuskure ba.

Sai batun ɓangaren da za a tura. A Corolla da Camry da muka ambata, ana juyawa ne yadda hannun agogo yake tafiya, idan mutum yana fuskantar fulin. Amma maimakon haddace wannan, ya fi kyau a fahimci dalilinsa: a duba inda fulin ajasta yake danne bel, sai a tura damtsen ta yadda fulin zai janye daga jikinsa. Idan aka tura daidai, za a ji nauyin sifirin yana ƙaruwa a hannu a hankali, a kuma ga bel yana saki. Idan aka ji sifana ta tsaya ƙyam kamar an tura bango, ko kuma ta juya sakayau babu nauyi, a dakata nan take, domin ko dai ɓangaren ba shi ba ne, ko kuma noti ne ya fara kwancewa. Akwai motocin da notin fulinsu zarensa na hagu ne, wato abin da mutum yake zaton ɗaurewa ne shi ne kwancewa.

Ku kalli hannun nan yadda yake tafiya sannu a hankali, kuma ba don kyamara ake yin haka ba. Ajastar wannan injin tana da ɗan silinda mai mai a ciki wanda yake hana ta tsalle idan inji yana gudu, kuma man yana buƙatar lokaci kafin ya matsa. Idan aka ɗora nauyi a kai aka jira 'yan daƙiƙu, za a ji tana bi da kanta. Idan aka fizga da ƙarfi, ƙullutun nan na alminiyam ne, yana iya cinyewa ko ya karye, sai aikin bel ya koma sayen ajasta sukutum. Don haka soket mai kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu a nan, kuma a tabbata ya zauna har ƙasa kafin a ja. Dogon hannu yana rage wahala ƙwarai, kuma a ra'ayina mutum biyu sun fi ɗaya a wannan mataki, ɗaya ya riƙe sifana, ɗaya ya zame bel.

Ga shi ya saki. Ana zame shi daga fuli ɗaya kawai, kuma da gefen yatsa ake turawa, kada yatsa ya shiga tsakanin bel da fuli ko da na ƙiftawar ido ne, domin idan sifana ta suɓuce a wannan lokacin, sifirin ba zai jira kowa ba. Bayan an zame shi, sai a mayar da ajasta a hankali har ta kai ƙarshen tafiyarta. Za ku ga ta wuce inda take a da, tun da yanzu babu bel da zai tare ta. Wannan ne ya sa sabon bel yake zama kamar gajere ga wanda bai sani ba: ajasta ta cinye wurin, kuma sai an sake tura ta kafin ya isa.

Tun da bel ya fita, a juya kowane fuli da hannu, ban da na kiranshaf wanda ba zai juya ba. Fulin ajasta ya kamata ya juya sumul ba ƙara. Idan yana gurnani ko yana girgiɗi, boris ɗinsa ya mutu, kuma sabon bel ba zai yi maganin kukan ba. A duba ko akwai baƙin mai ko ruwan lagireto a kan fulayen, domin duk wanda ya zuba a kan roba zai lalata ta da wuri, kuma gyaran yoyon shi ne farko. A goge ƙasar da ta taru a cikin layukan fulaye, wadda ba a rasa ta bayan hunturu. Sannan a haɗa tsohon bel da sabo, a ƙirga layuka, a gwada tsawo.

Akwai wani abu game da tsohon bel da ya kamata a sani. A da, da robar neoprene ake yin su, wadda take tsattsagewa idan ta tsufa, ido ya gani. Na yanzu yawanci robar EPDM ce, wadda take iya kaiwa kusan kilomita 150,000 ba tare da tsaga ba, sai dai layukanta su cinye, ramukan da ke tsakaninsu su yi zurfi, bel ya fara santsi. Don haka rashin tsaga ba shaidar lafiya ba ce.

Ɗora sabo yana bin hoton da aka ɗauka, da ƙa'ida guda wadda ba ta canzawa: ɓangaren bel mai layuka yana hawa fuli mai layuka, bayansa mai santsi kuma yana hawa fuli mai santsi. A fara daga ƙasa, daga kiranshaf da kwamfuresa inda hannu yake wahalar kaiwa, a bar fuli ɗaya na sama ya zama na ƙarshe, kuma mai santsi ya fi sauƙi tun da ba shi da baki mai tudu. A Camry wurin ya fi matsewa, wasu sukan cire tayar gaba ta dama da robar da ke bayanta, kuma idan za a yi haka a tokare motar da abin tokara mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai. Sai a sake tura ajasta a hankali kamar ɗazu, a zura bel a kan na ƙarshen, a saki sannu. Kada a sa sukudireba a ɓanɓaro shi ya hau, domin zaren da ke cikinsa yana iya tsinkewa ba tare da an gani daga waje ba.

Kafin a tayar da inji, a haska tocila a bi fulaye ɗaya bayan ɗaya, musamman na ƙasa, a tabbata layuka shida sun zauna a ramuka shida. Bel da ya goce da layi ɗaya yana iya zama kamar daidai daga sama, amma gefensa zai fara zarewa cikin ƙanƙanin lokaci. A cire sifana daga kan ajasta, a kwashe tsumma, a mayar da wayar batir. A tayar da inji na kamar rabin minti ana kallo daga nesa kaɗan, hannun riga da bakin babbar riga nesa da fulaye, sannan a kashe a sake dubawa. A karo na biyu a kunna esi da fitilu, a juya sitiyari hagu da dama. Idan har yanzu yana kuka, kada a shafa masa sabulu ko baƙin mai ko giris. A kalli damtsen ajasta yayin da inji yake aiki, idan yana rawa sosai ko kuma fulinsa ya karkace daga layin sauran, to ajastar ce ta gaji, kuma a lokacin ne kaɗai ake kwance notocin da ke gindinta domin a sa sabuwa.