Matasan Magidantanmu da Mallakar Gida a Amurka

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da 'yan'uwa da suka taso daga Bronx, Harlem da New Jersey, barkanmu da haɗuwa.

Maganata kan yaranmu ce da suka yi aure kwanan nan. Duk bayan shekara 3 Babban Bankin Amurka yana binciken abin da iyalai suka mallaka. A binciken 2019, cikin magidanta 'yan ƙasa da shekara 35, iyalin farar fata mai matsakaicin hali yana da dukiyar dala 25,400 bayan an cire bashi. Takwaransa baƙar fata kuwa, dala 600. Ko hayar wata ɗaya ba za ta biya ba a garin nan. Kashi 46 cikin 100 na matasan fararen suna zaune a gidan kansu, baƙaƙe kashi 17.

Kada wani ya ce lalaci ne. Tun shekarun 1930 aka riƙa zagaye unguwannin baƙaƙe da jan layi a taswira, bankuna suka hana mazauna cikinsu rancen sayen gida, kuma sai 1968 doka ta haramta wariya a harkar gidaje. Gidan da kaka bai saya ba, ina jika zai gaje shi?

Mu ba mu ga wancan zamani ba, amma fa mun zo da jaka ɗaya ne, babu gado, kuma ƙididdigar ba ta ware Bakano ko mutumin Damagaram ko ɗan Zangon Kumasi. Ga kuma aike duk wata. Zumunci wajibi ne, ban ce a daina ba. Sai dai wasunmu sun gina bene a gida, jemagu ne ke kwana ciki, alhali 'ya'yansu da aka haifa a nan suna ta zuba wa mai gida kuɗin haya.

Shawarata, adashinmu ya daina ƙarewa a biki da suna. Mu ware wani zubi domin kuɗin kafin alƙalami na sayen gida, sabbin ma'aurata su fara kwasa. Masu gudun riba, kuma da gaskiyarsu, akwai kamfanonin da ke sayar da gida ta hanyar musharaka, wato kai da kamfanin ku mallaki gidan tare, kana sayen kasonsa sannu a hankali; malamanmu su duba mana takardunsu. Mai son shiga ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.